Ranar da Na Kwance wa Duna Igiya

Matso kusa 'yar'uwa, kai ma ɗan'uwa gyara zama, yau zan sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. Ba zan kama sunan kowa ba, don waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu muna gaisawa, in ban da tsoho ɗaya, Allah ya jiƙansa.

A lokacin ina da shekara goma sha ɗaya a ɗakin mijina, a wani ƙauye tsakanin Daura da Mai'aduwa. Gidanmu ne na ƙarshe, daga bayan darninmu sai burtalin da dabbobi ke bi zuwa rijiya. Ni mace ce mai son zaman gida, sana'ata ƙuli-ƙuli da kiwon 'yan awaki, kuma in akwai abin da Allah ya hore mini to kunne ne. Ina tsakar gida nake gane babur ɗin kowa da tarin kowa, har matan unguwa kan ce in akuyarka ta ɓata kada ka je cigiya, ka zo ka tambaye ni ta ina kukanta ya bi. Maigidana manomi ne da damina, da rani kuma mafarauci, gadon gidansu ne. Mutum ne mai magana ɗaya. A garin ana cewa in ya ce maka za a yi ruwa, to ka kwashe shanyarka ko da rana tsaka ne. Ba shi da wata dukiyar da ta wuce wannan shaidar, kuma ya san da haka.

Yana da kare baƙi wuluk mai suna Duna. Ranar da ya kawo shi a cikin hula yana ɗan jariri, ni ce na ce sai dai ya zaɓa, ko ni ko karen. Ba a yi wata ɗaya ba sai ga ni ina dama masa kunu a sakaina, ina hura masa ya huce. Haka ya girma a gabana, in na fito da safe shi ne farkon mai kaɗa mini wutsiya. Amma Duna yana da zafi. Shekarar da ta gabata ya taɓa yaga kunnen akuyar maƙwabta, har mai unguwa ya kira maigida ya ja masa kunne a gaban mutane, ya ce daga yau duk abin da karen nan ya yi a wuyanka yake.

Mafarautan garinmu suna da wata al'ada. In an gama girbi, kafin a buga gangar fita daji, kowa zai ɗaure karensa a turke kwana bakwai, abinci kaɗan, ana ba shi jiƙon wasu sassaƙe don zuciyarsa ta tashi. A kwanakin nan kare ba ya cikin hayyacinsa, ko inuwarsa ya gani sai ya kai mata cizo. Dokar kuwa ɗaya ce, ba mai taɓa igiyar sai mai karen. Maigida yana da wani ƙulli da ya koya wurin mahaifinsa, mai ninki biyu, wanda in kare ya ja sai ya ƙara tamkewa. Ni ban taɓa damuwa in koya ba, me zan yi da shi?

Sai kuma Baffa, haka duk garin ke kiransa. Tsohon makiyayi ne, rugarsu tana bayan gari, idonsa ya yi yana har ba ya ganin komai sai dishi-dishi. Yana da wani tsohon jan kare, shi ne idonsa. Shi ke gaba in za a je rijiya, shi ke tattaro tumaki in sun watse, shi ke tsayawa a bakin rami har Baffa ya kauce. Kullum in sun zo wucewa sai Baffa ya tsaya sun yi barkwanci da maigida. Ya ce masa sannu sarkin gafiya, a sha rana wuni guda a dawo da ɓera a ce an yi farauta. Maigida ya ce ai gara mu muna cin namu, ba kamar wanda ke kwana da garke yana miyar kuka lami ba. Su yi dariya, kowa ya kama gabansa.

Kwana na biyar da ɗaure Duna ya faɗo ranar kasuwar Mai'aduwa. Maigida ya ɗaura wake a babur, yara sun tafi makarantar allo, na rage ni kaɗai ina gyaran gyaɗa. Kafin ya fita sai da ya tsaya a bakin zaure ya maimaita mini, ya ce ko Duna zai yi kuka kamar jariri kada in kusanci igiyar, in tura masa ruwa da sanda kawai. Na ce masa to, sai ka ce jiya aka kawo ni gidan. Wajen azahar na ji kukan karen ya sauya. Ba haushi ba ne, ba gurnani ba, wani irin kakari ne. Da na leƙa, ashe ya yi ta zagaya turken har igiyar ta nannaɗe ta shaƙe shi, ya kifar da kaskon ruwan, inuwar bishiyar bedi ta matsa ta bar shi a rana, harshe a waje. Na tsaya ina shawara da zuciyata. Ɗaya ta ce an hana ki. Ɗaya ta ce ai ba sakinsa za ki yi ba, warwarewa za ki yi ki mayar, wa zai sani? Na yi ƙoƙarin in sa shi ya zagaya da baya, ya ƙi. Sai na durƙusa na kwance ƙullin daga jikin turken, na riƙe bakin igiyar a hannuna.

Daidai lokacin na ji takun tumakin Baffa a burtali, da 'yar ƙararrawar wuyan ragonsa, da haushin jan karen sau biyu, irin wanda yake yi in yana haɗa kan garke. Duna ma ya ji. Fizga ɗaya ya yi, igiyar ta saɓule mini fatar tafin hannu, ya kutsa ta ƙarƙashin darni inda kaji suka yi hanya. Ban ga abin da ya faru ba, amma da ma gani na yi, don abin da kunne ya ɗauka ba ya gogewa. Na ji tumaki sun watse, na ji Baffa yana tsawa da Fulatanci, sandarsa tana dukan ƙasa tana kuskure. Na ji tsohon karen ya yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, na ukun bai ƙarasa ba. Daga nan sai shiru, sai muryar Baffa kawai yana kiran karensa a hankali, yana sake kira.

Duna ya dawo ta inda ya fita yana jan igiya, bakinsa da ƙirjinsa jina-jina. A nan ne, 'yar'uwa, na yi kuskuren da ya fi na farko. Maimakon in ɗauki mayafi in fita wurin tsohon nan, sai na ɗebo ruwa a randa na wanke wa karen baki, na barbaɗa toka a inda jini ya ɗiga na share, na toshe ramin darnin da ƙaya. Na mayar da igiyar jikin turke da ƙullin da na iya, irin wanda nake yi wa awakina. Hannun kuma na shafa masa man gyaɗa na naɗe da tsumma.

Bayan la'asar maigida ya dawo, ko ruwa bai gama sha ba aka yi sallama. Na laɓe a bayan zaure ina ji. Baffa ne, ya saɓo gawar karensa a cikin buhu, mutane sun biyo shi. Ranar babu sarkin gafiya. Cewa ya yi bai zo neman komai ba, yana so ne kawai mai karen da ya yi wannan aiki ya duba da idonsa, ya ce masa Allah ya ba da haƙuri. Maigida ya yi salati, ya ce wallahi ya ji zafin abin, amma Duna kwanansa biyar a turke, duk mai shakka ya shiga ya gani. Baffa ya ce idonsa ne ya mutu, ƙafarsa tana nan da ranta, kuma ya ji igiya ta bi ta kan ƙafarsa lokacin da baƙin abin ya wuce. Ya ce a gaya masa wane karen bola ne ke yawo da igiya. Maigida ya ce to ke nan maƙaryaci ake kiransa a ƙofar gidansa. Ina tsaye tsakanina da su taku uku, kalma ɗaya ta ishe ni in kashe wutar nan tun tana kan ashana. Na tuna yadda ya tsaya da safe yana ja mini kunne, na tuna mutanen da ke wajen, sai na haɗiye.

Washegari da safe na ga maigida ya je ba Duna jiƙo, ya tsuguna a gindin turken ya daɗe. Ya kwance igiyar ya sake ɗaurawa, na ɗauka ƙara mata ƙarfi yake yi. Da ya taso ya dubi hannuna ya tambayi abin da ya same ni. Na ce kaskon suya ne. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce.

Magana ta je gaban mai unguwa, daga nan ta je gaban dagaci. Kafin mako ya zagayo ta daina zama maganar kare. 'Ya'yan Baffa suka ce babu mafaraucin da zai sake ratsa ta kusa da rugarsu, abokan maigida suka ce daji ba gadon kowa ba ne. A wurin injin niƙa ma matan ruga da na gari sun daina gaisawa. Dagaci ya ga in ya bari sanduna za su fito, sai ya tura su kotu wurin alƙali. Da maigida ya dawo daga zaman farko, ina zuba masa abinci yake ba ni labari. Ya ce alƙali ya yi bayani cewa karen kiwo da na farauta da na gadi ba kamar karen bola ba ne, abu ne da shari'a ta yarda a riƙe, wanda ya jawo halakarsa sai ya ɗauki nauyi. Kuma tunda an taɓa yi wa mai Duna gargaɗi a gaban shaidu, in ta tabbata karensa ne ya fita, ba shi da mafita. Sai dai Baffa ba shi da shaida ko ɗaya, don ba wanda ke burtalin a lokacin. Saboda haka rantsuwa ta koma kan wanda ake ƙara. Ranar Alhamis ta sama zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani, ya rantse cewa karensa bai bar turke ba a wannan rana. Ludayin da ke hannuna ya faɗi cikin miya. Ya dube ni, na ce zafi ne.

Tun ina ƙarama nake jin mahaifiyata tana cewa wanda ya dafa Littafin Allah a kan abin da ba haka ba, ko ya tsira a duniya bai tsira ba. Ga shi mijina, uban 'ya'yana, zai dafa, kuma ni ce na shimfiɗa masa hanyar. Na yi ta lallashin kaina cewa ai bai sani ba, Allah ba zai kama shi ba. Sai wata zuciyar ta ce to ke da kika sani fa? Na zuba wa miya gishiri sau biyu, na ƙona ƙuli har kasko biyu. Kullum kuma sai na ji wucewar Baffa ba kare, tumaki suna shiga gonakin mutane, yana kira yana tuntuɓe. Ana jibi rantsuwa ya tsaya a ƙofarmu ya yi sallama, ya ce a taimaka masa da ruwa. Maigida ba ya nan, na miƙa masa kwanon daga cikin zaure. Ya sha, ya yi hamdala, sannan ya ce, 'yar nan, ke kina gida ranar, kunnenki kuwa duk garin nan an san shi. Ya ce bai ce in faɗi komai ba, gidan aure ba wasa ba ne, ya dai gode da ruwa. Ya laluba sandarsa ya tafi. Na zauna a ƙasan zauren da kwanon a hannuna.

Ranar Alhamis ni na zuba wa maigida ruwa a buta. Ya yi alwalar a hankali kamar mai jiran wani abu, ya saka farar rigarsa ta Juma'a. A bakin zaure ya juyo ya tambaye ni ko akwai magana. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne sai dai addu'a. Ya gyaɗa kai ya fita. Na bi ƙarar babur ɗinsa da kunne, na ji ya kai ƙarshen burtali ya tsaya, injin yana aiki, ya daɗe a haka, sannan ya wuce. Da ƙarar ta ɓace gaba ɗaya sai na miƙe tsaye. Ni da ban taɓa taka ƙofar gida ba sai da izininsa, na zura hijabi, ko takalmin kirki ban tsaya nema ba, na fita bakin hanya na tare ɗan acaɓa.

Na iske kotun cike, mafarauta a gefe ɗaya, mutanen ruga a ɗaya gefen, ba mai kallon wani. Baffa yana zaune ya dogara haɓarsa a kan sanda. Magatakarda ya riga ya zaro Alƙur'anin daga gafaka, alƙali yana karanta wa maigida kalmomin da zai maimaita, shi kuma ya ɗaga hannunsa na dama. Ban san lokacin da na ce a dakata ba. Ɗan sandan kotu ya ce in yi shiru in zauna, alƙali ya ce a bar ni, ya tambayi ko ni wace ce. Na ce matar wanda ake ƙara ce. Na faɗi komai, shaƙewar igiyar, da kwancewar, da wankin bakin, da tokar. Na warware tsumman na nuna tafin hannuna, shatin igiya yana nan a kwance. Ban iya duban maigida ba, na dai ga hannun nan ya sauka a hankali ya koma gefen rigarsa.

Alƙali ya sa aka mayar da Littafin cikin gafaka. Ya ce rantsuwa ta faɗi, kuma in gode wa Allah da ya kawo ni kafin hannu ya sauka a kansa. Ya ce nauyin yana kan wanda ya kwance igiya, amma mai karen ma bai fita ba, don an gargaɗe shi, kuma ya tayar wa kare da zuciya ya tafi kasuwa ya bar shi da wadda ba za ta iya riƙe shi ba. Ya ce a samo waɗanda suka san darajar karen kiwo su yanke abin da za a biya. Baffa ya ɗaga sanda ya ce, Allah ya gafarta malam, kuɗi ba ya haushi, ba ya tare tumaki. Ya ce abin da ya roƙa tun ranar farko a ƙofar gida bai canza ba. Maigida ya taka har gabansa, ya durƙusa a gaban abokan farautarsa da kowa, ya ce Baffa, Allah ya ba ka haƙuri. Aka yi sulhu a kan zai nemo ɗan kwikwiyo irin na makiyaya, kuma kafin ya girma shi da kansa zai riƙa raka tumakin rijiya safe da yamma. Duna kuwa ba zai sake kwana a garin ba.

Shekarar nan an buga gangar farauta ba da mijina ba. Duna aka ba wani mutum can tsallaken iyaka, ban sake jin muryarsa ba. A majalisa in maigida ya zo wucewa da tumaki sai a ce masa to a ɗan yi haushi mana mu ji. Baffa ma da ya huce cewa yake sabon karensa ba laifi, sai dai cin tuwo da hawan babur. A gida kuwa kwana tara maigida bai ce mini ci kanki ba. Yana cin abincina, yana ajiye cefane, amma ko kallo ban ishe shi ba. Na gama sawa a raina cewa takardata na nan tafe.

Rana ta goma da hantsi na same shi yana tuge turken Duna. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana kaɗe ƙasar jikin turken, sannan ya ce tun washegarin ranar ya ga ƙullin. Ya ce ƙullin akuya ne, ko a mafarki ba zai ɗaure kare da shi ba, ga kuma hannuna a naɗe. Amma ya riga ya buɗe baki a gaban mutane, kuma ya san in ya tambaye ni zan gaya masa, in na gaya masa kuwa sai dai ya ƙaryata kansa ko ya kai matarsa gaban alƙali. Sai ya zaɓi kada ya tambaya. Ya ce tsayawar da ya yi a ƙarshen burtali ni yake jira in biyo shi. Na tambaye shi, da ban zo ba fa, da zai dafa? Ya ce wannan tambayar ce ta hana shi magana kwana tara, don har yanzu bai san amsarta ba.

Ashe mu biyu muna kwana ɗaki ɗaya, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani, kowa yana jiran ɗayan ya fara, muna ta tafiya a haka har bakin wuta. Abin da na koya shi ne kwance igiyar ƙaramin laifi ne, tausayi ne ya zo a inda bai dace ba, da na fita a lokacin na ce wa Baffa Allah ya ba da haƙuri, da ta wadatar. Wankin bakin karen nan shi ya kusa cinye mu. Don haka masu riƙe da dabba mai cizo, ku sani ranar da ta yi ɓarna ba ita za a kira gaban alƙali ba, ku za a kira, da wanda ya ɗaure da wanda ya kwance. Ku kuma 'yan'uwana mata, in an ce kada ki taɓa abu, ki tambayi yadda za ki yi in ya rikice, kafin mai shi ya fita. In kuma ta riga ta faru, ki faɗa tun jinin bai bushe ba. Baffa ya rasu bayan shekara uku, kwikwiyon da muka ba shi ne ya raka gawarsa har maƙabarta, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba. Shatin igiyar yana nan a tafina, kullum in na ɗaga hannu zan yi addu'a sai na gan shi.

To ke da kika saurare ni har ƙarshe, kai ma haka, wane ƙulli ne kuka mayar jikin turke a gidanku kuna fatan ba a gani ba, kuma kun tabbata wanda kuke ɓoye wa ba ku yake jira a ƙarshen burtali ba?